Resibar da ta yanke min wasa daidai lokacin da Osimhen ke murna

Wata huɗu ke nan da na sayi wannan ƙaramar resiba mai ɗaukar shiri, baƙar nan da ta cika kasuwa, mai ramin filash a baya. Masu shiga kasuwa sun san ta, sun san kuɗinta, ba sai na faɗa ba. Ni ba don kallo na saye ta ba, tsohuwar resibar da ke gidan tana nuna hoto lafiya lau. Ɗauka nake so. Aikina na yamma ne, ƙarfe biyu nake shiga sai goma na dare, duk abin da ake nunawa mai daɗi yana wuce ni. Mai shagon ya ce min, "Alhaji, wannan ka sa mata lokaci kawai ka yi tafiyarka, ka dawo ka tarar da shirinka yana jiranka." A kan wannan maganar na ba da kuɗina.

Hotonta dai ba laifi, gaskiya tar yake, kuma ta kama dish ɗina biyu, na Nilesat da na Eutelsat 16A, ba tare da wahala ba. Iya yabon da zan yi mata a farko ke nan.

Tun daren farko aka fara. Ina da faifan ajiya na kwamfuta, had-dis mai giga 500. Da na soka shi sai na ji yana ƙas, ƙas, ƙas, sai resiba ta mutu ta sake tashi, ta nuna tambarinta, ta sake mutuwa. Na cire shi, ta zauna daram. Na mayar, ta koma gidan jiya. Mai shago ya ce faifan ne ya lalace, alhali na kwashe hotuna a kansa a kwamfutar wurin aiki. Ya ce in sayi filash. Na farkon da ya ba ni an rubuta giga 64 a jikinsa, amma duk abin da ya wuce 'yan mintoci sai ya fito a dagule, fuskokin mutane sun zama murabba'ai kore da shuɗi. Ƙanena ya gwada shi a kwamfuta, ashe jabu ne, cikinsa bai kai ko kusa da abin da aka rubuta ba. Na sayi wani mai giga 32 a wani wurin daban. Wannan ya yi, labaran rabin awa da shirin awa ɗaya duk ya ɗauka. Sai kuma wasu tashoshi suka fara ɓacewa da daddare, sigina ta sauka daga saba'in da wani abu zuwa sifili ta dawo. Mai haɗa dish ya zo ya hau rufi, ya ce iskar hunturu ce ta karkatar da kwanon, ya ɗaure. Bai daina ba. Ya dawo ya canja LNB, ɗan kan nan da ke gaban kwano mai karɓo sigina. Bai daina ba. Ya ce waya ce, aka sayo sabuwa aka ja tun daga sama har falo. Kowane zuwa da kuɗin mai da na aiki.

Duk wannan na haƙura. Abin da ban haƙura da shi ba shi ne na ranar Laraba, 7 ga Fabrairu 2024.

Ranar ce Najeriya ta kara da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka, a Bouaké ta Kwaddibuwa. Ƙarfe shida na yamma agogonmu. Na nemi wanda zai riƙe min aiki ban samu ba. Saboda haka tun da rana na sa wa resiba lokaci, daga shida saura biyar har tara da rabi, don ko an je ƙarin lokaci. Na goge duk abin da ke cikin filash. Na sayi mai na cika janareta, na roƙi uwargida cewa ko da wuta kada a dogara da ita, a tayar da inji tun biyar da rabi. Na ɓoye rimot a saman kwaba saboda yara. A wurin aiki na kashe datar wayata, na ce wa abokan aiki don Allah kowa ya riƙe bakinsa. Da na taso, ihun samari da hon ɗin babura a titi sun gaya min mun yi nasara, amma yadda aka yi ban sani ba, kuma shi nake so in gani da idona.

Na iso gida wajen sha ɗaya saura, ban ko ci tuwo ba na zauna. Ga fayil nan ya fito. Na kalli zagayen farko, ba ci. Aka dawo, aka kayar da Osimhen a cikin da'ira, Troost-Ekong ya buga fanareti ta shiga. Ni kaɗai a falo ina ɗaga hannu ba tare da na yi ƙara ba, don mutanen gida sun kwanta. Can kusa da tashi Osimhen ya sake jefa ƙwallo a raga, yana gudu zuwa kusurwa, 'yan wasa na binsa. Sai hoto ya tsaya cak. Sai baƙi. Sai ta mayar da ni jerin fayiloli.

Na duba ko akwai na biyu, babu. Na ce to, biyu da nema, saura 'yan mintoci, ba wani abu na rasa ba. Na kwanta a kan haka.

Da safe a teburin mai shayi ne na ji abin da ya faru bayan hoton ya tsaya. Alƙalin wasa ya je ya duba VAR, ya soke ƙwallon Osimhen, ya koma can baya ya ba Afirka ta Kudu fanareti kan ƙetar da aka ce ɗanmu na Kano, Alhassan Yusuf, ya yi wa Percy Tau. Mokoena ya farke. Aka tafi ƙarin lokaci, aka ba Kekana na Afirka ta Kudu jan kati, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, Nwabali ya tare biyu, Iheanacho ya buga ta ƙarshe, huɗu da biyu. Kowa yana ba da labarin inda yake tsaye lokacin da Nwabali ya tare ta biyun. Wallahi shayin nan ban iya shanye shi ba. Kusan awa guda na wasan da za a daɗe ana tunawa da shi, ita ce awar da na sayi resibar dominta, ita ce kuma ta watsar. Na ga guntayen a waya daga baya, amma wanda ya san sakamako ba kallo yake yi ba.

Mai shago da na koma ya ce manhaja ce, a kawo ya sabunta. Ya riƙe ta kwana biyu ya dawo min da ita yadda take. Wasan ƙarshe na ranar 11 ga wata ban yarda na sake dogara da ita ba, hutu na ɗauka na kalla kai tsaye, Kwaddibuwa ta ci mu biyu da ɗaya.

Wanda ya gano bakin zaren wani dattijo ne mai gyaran rediyo da talabijin a unguwarmu, wanda na daɗe ina wucewa ta gaban rumfarsa. Bai ko buɗe resibar ba. Adaftarta ya ɗauka ya jinjina a hannu, ya ce, "Malam, ka ji ta kamar kwalin ashana?" Ya ɗora mita, ta nuna bolt 12 da ɗan ɗoriya. Ya ce in soka faifan nan nawa. Ina sokawa lambar ta zube ƙasa da goma, faifan ya fara ƙas ƙas ɗinsa, resiba ta mutu a gabanmu. Ya fasa adaftar da wuƙa ya nuna min wani ɗan kafasito da kansa ya kumbura kamar fanke, da ɗan datti ruwan ƙasa a gindinsa.

Bayanin da ya yi min mai sauƙi ne. Wannan 'yar adafta ita ke ciyar da resiba, ita ke tura wuta ta cikin waya zuwa LNB a kan rufi, bolt 13 ga wasu tashoshi, 18 ga wasu, ita ce kuma za ta juya faifan da ke jan wuta sosai lokacin tashi. Da ma an ba ta ƙarfi kaɗan, ga zafi ga wutar da ke hawa da sauka. Tashoshin da ke ɓacewa masu neman bolt 18 ne. Wato LNB ɗina na da lafiyarsa ƙalau, wayar ma haka, kwanon ma bai karkace ba. Ya ba ni adafta mai bolt 12, amfiya 2, mai nauyi a hannu. Faifan ya tashi shiru, ko tari bai yi ba.

Yankewar wasan kuwa dalilinta daban. Ya sa filash a kwamfutar yaronsa, ya nuna min girman fayil ɗin: saura kaɗan ya cika giga 4. Filash yana zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4. Resiba ta kirki idan ta kai nan sai ta buɗe sabon fayil ta ci gaba. Tawa tsayawa take yi, ba gargaɗi ba komai. Shi ya sa gajerun shirye-shirye ba su taɓa nuna matsalar ba. Aka mayar da faifan zuwa tsarin NTFS, wanda ba shi da wannan iyakar, na gwada ɗaukar awa huɗu a jere, ta ɗauka tsaf.

A makon nan har na fara gaya wa mutane cewa resibar ba ta da laifi, a canja adafta kawai a yi fomatin, shi ke nan. Na kusa sa wani abokina ya saya.

Sai azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Hajiyarmu tana son tarawihin Makka, amma Saudiyya ta riga mu da awa biyu, lokacin da suke tayar da salla mu muna kan buɗa-baki. Na ce, "Hajiya, ki bar min wannan, kullum za ki gani bayan kin idar da taki." Kwana biyu ta gani. Rana ta uku aka ɗauke wuta da rana, da aka dawo da ita agogon resiba ya koma baya da awa ɗaya, ya bar GMT+1 ɗin da na sa masa ya koma sifili. Ta fara ɗauka a makare, an riga an yi nisa. Na gyara, aka sake ɗaukewa, ta sake mantawa. Wani lokacin ma jerin lokutan da na tsara gaba ɗaya take sharewa. A garin da ake ɗauke wuta sau nawa a yini, me ake da na'urar da ba ta iya riƙe agogonta? Ga shi idan tana ɗauka ba a isa a juya zuwa tashar da ke ɗayan dish ɗin ba, jika ya taɓa rimot sai ɗauka ta tsaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta a kwali, 'yar takardar da ke ciki kuma shafi huɗu ce, rabinta hoton rimot.

Hajiya ba ta yi ƙorafi ba, cewa kawai ta yi, "Bar shi, ɗan nan, kada ka wahalar da kanka." Wannan ta fi yi min ciwo a kan maganar ƙwallon.

Idan na haɗa kuɗin LNB, waya, filash biyu, adafta da zuwan mai dish sau uku, sun haura kuɗin resibar kanta. Wanda kallo kawai yake so, ya saya, ya jefar da adaftar da ke cikin kwalin tun ranar farko. Wanda ɗauka ta kai shi, ni ban ba shi shawara ba. Yanzu haka na haɗa ta da ɗan batirin sola don kada ta riƙa mutuwa, kuma duk da haka kullum kafin in fita aiki sai na durƙusa gaban talabijin na duba agogonta, sannan in kira gida wajen shida in ce a leƙa min ko jan ɗigon nan na ɗauka ya fito a kusurwar allo.