Aya ce ko aya-aya? Amsa ga mai gonar albasa a Dadin Kowa

Salam 'yan uwa. Ɗan uwanmu da ya turo hoto jiya daga fadamar Dadin Kowa yana tambaya wai abin da ya cika masa gonar albasa aya ce ta fito da kanta ko kuwa aya-aya ce, toh Malam hoton naka ganye kawai ya nuna, kuma a ganye kam su biyun kamar Hassan da Usaini suke, sai ka daure ka ɗau fartanya ka tono.

Kafin nan tsinki karan ka murza a yatsu. In ka ji kusurwa uku, babu gaɓa ko ɗaya, to dangin aya ne. Ciyawa irin su harkiya da gamba karansu a mulmule yake, ga gaɓa-gaɓa. Shi ya sa ma wasu magungunan feshin ciyawa ba sa yi wa dangin aya komai, mutum ya yi ta asarar kuɗi yana zagin mai shago.

In sun fitar da kai abin da sauƙi, na aya ruwan ɗorawa ne kamar busasshen kara, na aya-aya kuwa ja ne mai duhu. Ganyen ma in ka duba a kusa akwai ɗan bambanci, na aya ya fi haske da tsawo, bakinsa na tafiya a hankali har ya tsuke, na aya-aya kore ne shar, gajere.

Amma ni a ƙasa nake yanke hukunci. Aya kowane zaren saiwa ɗa ɗaya yake ajiyewa a ƙarshensa, ka wanke ka tauna ka ji ɗan zaƙi, ko da ta daji ce ƙanana. Aya-aya kuwa 'ya'yanta baƙaƙe ne masu gashi-gashi, a jere suke kamar carbi, wani zare mai tauri kamar waya ya haɗa su, ka fasa ɗaya ka ji ƙamshi, ka sa a baki wallahi ɗaci sai ka tofar. Wannan carbin shi ne masifar, kana sara da fartanya kana tsinka shi kowane ƙwaya ya farka ya zama sabon tsiro, ni na taɓa nome wani gefe tas ranar Asabar, kafin wata Asabar ɗin ya dawo kamar ban taɓa zuwa ba. Abin da na ga yana rage ta shi ne a kafce da rani a bar 'ya'yan a sarari rana ta ƙona su.

Wani ya ce ko kajiji ne. A'a, kajijin da mata ke sawa a turaren wuta cikin ruwa yake tsayawa, dogo ne har ya kai ƙirjin mutum, karansa a mulmule kusan ba ganye, ka ja yatsa a jikinsa ka ji ɗaki-ɗaki a ciki.

Ni dai da yadda ta yi cunkus ɗin nan a hotonka na fi zargin aya-aya. Tono guda 3 ka wanke ka turo mu gani.