Hajiyar da ta yi mana girkin suna a Asawase, ga yadda ta kaya

Salam jama'a, barkanmu da shan ruwa da na layya baki ɗaya. Tun bayan Sallah mutane ke ta tambayata a WhatsApp wai wace ce ta yi mana girkin sunan ɗan ƙanwata, to maimakon in yi ta amsa kowa ɗaya bayan ɗaya gara in zauna in rubuta komai sau ɗaya, da abin da ya min daɗi da wanda bai min ba, tunda kuɗinku za ku kashe kuma amana ce. Ba zan sa sunanta ko lambarta ba don ban nemi izininta ba, Hajiya ce dai ƴar Aboabo da ta daɗe tana girkin aure da suna da addu'a a zangunan Kumasi, mai so ya min magana ta gefe in haɗa shi da ita.

Bari in fara da dalilin da yasa sunan nan bai zama kamar sauran ba. Yaron shine tattaɓa-kunnen Kaka na farko, kuma Allah cikin ikonsa kwana bakwai ɗin ya faɗo washegarin Babbar Sallah, wato kowa na gida, na unguwannin Nima da Madina a Akra sun hawo motar bas ta VIP tun ana jibi Sallah, na Tamale sun sauko, Yaya da ke Bronx a Amurka bai samu zuwa ba amma shi ya turo fiye da rabin kuɗin. Sai babban baƙo, ƙanin Kaka wanda take ce wa Auta, ya taso tun daga Kano shi da ƴarsa da jikoki biyu, ta Legas da Seme da Kwatano da Lome har Aflao sannan Akra sannan nan. Mutumin nan a Kumasi aka haife shi. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia, Firaministan Ghana na lokacin, ta fito da dokar nan da tace duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin sati biyu, babansu ɗan kasuwar goro ne ba shi da takarda, ya kwashi matarsa da ƙananan yara suka hau lori, ita Kaka lokacin amarya ce sai ta tsaya gidan mijinta. Auta yana ɗan shekara sha biyu. Kaka ta je Kano wajensu sau biyu amma shi tun ranar bai sake taka Kumasi ba sai wannan karon. To kun ga ba girkin da zan ba kowa bane.

Ranar da na je wajen Hajiya na zaci farashi za mu fara, ina zama nace mata mutum 150 muke sa rai, sai tace "ɗiyata ban tambaye ki nawa ba tukun, su wa za su ci?" Ta jawo wani tsohon littafinta ta fara tambaya, tsofaffi nawa ne, waye ba shi da haƙori, waye mai hawan jini, waye mai suga, yara ƴan makaranta nawa, baƙin daga ina za su zo, mai jego me ake ba ta. Wlh a nan hankalina ya kwanta. Na taɓa ɗaukar masu girki da za su dafa tukunya ɗaya gishiri ɗaya kowa ya ci ko ya bari, tsohuwa ta zauna da naman da ba za ta iya taunawa ba ta naɗe a gefen mayafi ta kai wa jika. Sannan tace min in manta da 150 ɗin nan, a zango ba a kati, duk wanda ya ga kanofi a bakin lungu ya gayyaci kansa, balle ranar Sallah, ta lissafa da 200. Ita ce da gaskiya, sun ma haura.

Kuɗi kuwa tsari biyu take da shi, ko ka ba ta komai ta yi cefane ta dafa, ko ka yi cefanenka ka biya kuɗin hannu. Mu na biyun muka ɗauka, sidi 3,500 ita da ƴan matanta huɗu, rabi ta MoMo, wato turin kuɗi ta waya, kafin rana rabi bayan an gama. Da na faɗa wa Kaka sai ta dafe ƙirji tace miliyan 35 don a hura wuta? Kun san tsofaffinmu har yau da tsohon kuɗi suke lissafi, tun 2007 da aka cire sifili huɗu sidi 10,000 ya koma sidi 1 basu sauya ba. Ni dai a wurina kuɗin ya yi daidai da aikin. Kuma duk da cewa cefanenmu ne ta raka ni kasuwar Asawase da Kejetia ba tare da ta ƙara ko sisi ba, wake sai ta ciza ta ji, shinkafa sai ta shinshina, mai awo yana cika olonka, gwangwanin awo, tana kallon hannunsa, busasshen kifi ta juya cikinsa ta duba ko ƙwari sun shiga. Ayoyo kaɗai tace kar a saya sai safiyar ranar don in ya kwana yauƙinsa raguwa yake.

Daren Sallah bayan isha'i suka iso da manyan tukwanen nan dadesan a bayan aboboya, babur ɗin nan mai taya uku na ɗaukar kaya, kuma kun san watan Yuni a Kumasi, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ashe ta zo da tampol ta riga ta sa an ɗora itacen kan benci an lulluɓe, da buhun gawayi ɗaya na ko-ta-kwana, don haka wuta bata ba su wahala ba. Abin da ya fi burge ni a daren shine yadda ta bi da nama. Muna da naman layya, raguna biyu da kason saniya da Kawu ya shiga da mutum shida suka cika bakwai, ga kuma ragon suna da za a yanka da safe, Kaka ta kafe cewa kar a gauraya, na suna daban yake kuma sai an kai wa maƙwabta. Hajiya bata ce uffan ba, ta ware baho daban ta ɗaura masa jan ƙyalle. Na layyan ta sa aka tafasa da gishiri da citta aka soya shi ƙarau, tace ko an ɗauke wuta kwana uku firij ya mutu wannan ba abin da zai same shi. Har yau da nake rubutun nan akwai sauransa a bokiti.

Da asuba malamai suka taru aka raɗa suna aka raba goro da dabino, kafin wanzami ya gama aske kan yaron koko ya fito da zafinsa, mai citta da kanumfari da ɗan barkono yadda yake kama maƙogwaro, da ƙosai da funkaso da masa. Ƙosan bai sha mai ba. Funkason kam na ci wanda ya fi shi, ya ɗan yi tauri da ya huce, amma ba laifi.

Yanzu waakye, don nan ne maganar take. Wake ta jiƙa tun dare, ta dafa shi da karan dafi da ƴar kanwa har ruwan ya yi ja sosai sannan ta tsame karan ta zuba shinkafa, wuta ƙasa ƙasa, bata yi ta juyawa ba, ya fito ba caɓe ba kuma ba tsinke tsinke ba. Shito ɗinta, wato soyayyen yajin da ake ci da shi, kwana biyu kafin nan ta yi a gidanta, baƙi wuluk amma ba ɗacin ƙuna, kana jin kifi da jatan lande a ciki. Ga taliya ga gari da aka murza da mai ga ƙwai ga ganda mai laushi da tsohuwa ma za ta iya ci. Ƴar Auta da yaranta da suka gani suka ce ai wannan garau-garau ne aka rina, muka yi ta dariya, sunan ma ai daga shinkafa da wake ya fito, bakin Asante ne ya lanƙwasa shi. Yaran basu iya shito ba, ƙamshin kifin ya musu yawa, Hajiya na lura ta sa aka soya musu mai da albasa aka daka yajin ƙuli a take, suka cinye har suka nemi ƙari. Ba wanda ya roƙe ta, ita ta gani da idonta.

Shi kuma Auta aka kai masa a faranti da cokali irin na baƙo, ya duba ya duba sai yace wa yarinyar da ta kawo "ƴata babu ganye ne?" Yarinyar ta zo ta faɗa, Hajiya ta tura ta da gudu wajen wata mai sayar da waakye a bakin titi ta samo ganyen nan mai faɗi da ake naɗewa, aka juye masa a ciki da zafinsa. Ya wanke hannu ya ci loma uku bai ce komai ba, yana zaune kan tabarma kusa da Kaka, can sai yace "Yaya, matar nan da ke zama bakin makarantarmu ta allo, wadda take ƙara min in na ɗebo mata ruwa, tana nan?" Kaka tace "Auta ai ta fi shekara arba'in da rasuwa." Ya yi mata addu'a ya cigaba da ci, daga nan ya fara lissafo lunguna da sunayen gidaje da wasu kalmomin Tuwi, yaren Asante, da shi kansa bai san yana tune da su ba, Kaka na gyara masa, jikokinsa sun saki baki don basu taɓa jin ya yi wani yare ba. Na kira Yaya a bidiyo na juya masa wayar, can wajensu gari bai gama wayewa ba, ya kalla shiru yana share ido. Ni na san ba Hajiya ce ta haɗa zumuncin nan ba, amma da ta ce wa yarinyar ki ce masa babu, da ba mu ji labaran nan ba.

Tuwon zafi da rana shima ya yi, laushi kamar yadda ya kamata, masara da ɗan garin rogo, miyar ayoyo da jar miya a gefe. Ta ware ƙaramar tukunya ta Kaka da Gwaggo da sauran masu hawan jini, gishiri kaɗan ba magi sai daddawa da kifi, naman ta dafa har yana rabuwa da kansa. Kaka da kullum sai an yi fama da ita kafin ta ci abincin taro ta cinye malmala guda. Sobolo, wato zoɓo, da lamurje ma kashi biyu ta yi, mai suga da mara suga, ta rubuta a jikin kula.

To ga inda ban ji daɗi ba, kuma na faɗa mata ido da ido kafin in rubuta a nan. Jolof ɗin yara bai yi ba gsky, ƙasan ya kama sosai har ƙaurin ya hau sama, tsakiya kuma da sauran tsatsa, da gani ba a nan hannunta ya faɗa ba, ƴan matan ta bar wa. In taronka na matasa ne masu son jolof da firai rais to ka nemi wani ya riƙe wannan ɓangaren. Na biyu kuma shi ya fi min ciwo, fak na tafiya da abinci. Mun yi da ita ita za ta kawo guda 150, da aka zo rabo bayan la'asar 100 ne kawai, ranar hutu shaguna a rufe, dole wasu matan unguwa suka tafi da nasu a leda wasu kuma suka aiko da kwano daga gida, ciki har da maƙwabciyarmu da ta kwana tana yanka mana albasa. A zango kun san wannan ba ƙaramin abu bane, wanda aka ba a fak da wanda aka ba a leda sai an yi maganarsa sati guda, Mma, mahaifiyarmu, sai da ta bi gida gida da nama washegari tana ba da haƙuri. Hajiya ta amsa laifinta, tace yaron da ta aika ne ya ƙirga ba daidai ba kuma ita bata duba ba, ta cire kuɗin daga cikon da zan ba ta. Sai kuɗin aboboya na kawo tukwane da mayarwa, sidi 200, da bata ambata tun farko ba sai ranar tafiya. Ba yawansa bane, ni dai na fi so a gaya min komai tun ranar da muka buɗe littafi. In za ku ɗauke ta ku tambayi wannan, kuma fak ku saya da kanku ku ƙirga ku ajiye a ɗaki.

Wanke wanke sun yi tas, sun kwashe toka sun share tsakar gida, har duwatsun murhu suka mayar inda suka ɗauko.

Ranar da su Auta za su koma Hajiya ta aiko masa da kwalbar shito babba an naɗe bakinta da leda an ɗaure da roba don kar ta zube a hanya, tace a ce wa Alhaji kyauta ce daga ƴar Aboabo. Ya kira daga Kano yace ta isa lafiya kuma ya hana kowa taɓawa. Ɗan Kawu zai sauke Alƙur'ani kafin azumi mai zuwa in Allah ya kai mu, na riga na je ta rubuta mana ranar walimar a littafinta, kuma nace mata jolof ɗin wannan karon ita da kanta za ta tsaya a kai.