Fo ɗin zomo da na saya, da abin da ya yi wa kafet ɗina

Wata bakwai ke nan da na sayi fo ɗin zomon nan mai kusurwa uku da ake ta tallarsa a Instagram, mai ragar ƙarfe a sama, wanda ake haɗawa da ƙaramin buhun dunƙulallen garin katako. Maƙwabciyata ce ta tambaye ni jiya ko ta saya, ita ma falonta kafet ne bango zuwa bango, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Zomon na 'yata ne. Kawunta ya kawo mata shi daga Zariya yana ɗan wata biyu, fari tas, ta sa masa suna Auduga. A saman bene muke haya, ba mu da tsakar gida, ga zafin Kano na watan Afrilu wanda zomo ba ya jure masa, dole ya zauna a ciki tare da mu. Da na tambayi mai sayarwar, cewa ta yi: "Hajiya, ki ajiye masa a lungu kawai, kwana uku ya ishe shi koyo."

Satin farko kam na ji daɗi. Shi zomo dama lungu ɗaya yake zaɓa ya riƙa fitsari a nan, kuma Auduga ya riga ya zaɓi gefen doguwar kujera ta wajen gabas. Na ajiye fo ɗin a wurin, na goge fitsarinsa da tsumma na sa a ciki tare da 'yan ƙwayoyin kashinsa, washegari na tarar ya hau. Har saƙon godiya na tura wa mai sayarwar, ta ɗora a shafinta.

Abin da ba ta faɗa min ba shi ne zomo yana girma, fo ba ya girma. Tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Da Auduga ya kai wata biyar ko juyawa ba ya iya yi a ciki. Sai ya hau, kansa na cikin lungu inda bangon robar yake da tsayi, bayansa ya leƙo ta gaba inda bakin yake gajere, ya ɗaga jela ya saki fitsarin. A wajensa ya yi abin da aka koya masa. Fitsarin kuwa sai ya bi jikin robar ya gangara ƙarƙashi, ya shige kafet. Ni kullum ragar nake ɗagawa in zubar da na ciki, ban taɓa ɗaga fo ɗin gaba ɗaya ba. Ga turaren wuta safe da yamma, ya rufe komai.

Washegarin Babbar Sallah Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta zo da ƙannensa yawon Sallah. An yi ruwa da daddare, gari ya yi laima, ɗakin duk ya ɗauki danshi. Da aka kira La'asar ta yi alwala, na shimfiɗa mata sallaya daidai wannan gefen, tunda nan ne alƙibla. Ba ta ko tayar ba ta juyo ta ce, "Ke 'yar nan, wannan zarnin daga ina?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ko zomon yara ne." Na durƙusa na janye fo ɗin a gaban kowa. Tabo ne kamar faɗin faifai, tsakiyarsa fari ya bushe ƙamas kamar an kwaɓa alli an zuba, gefensa ja-ja kamar manja. Da na danna da yatsa sai danshi ya taso. Kafet ɗin ɗan Turkiyya ne, cikin kayan ɗakina yake, mahaifiyata ta yi adashi kafin ta saya min shi. Shekara 9 ina lallaɓa shi, ko shayi ban yarda yaro ya sha a kansa ba.

Ƙanin maigidan ya so ya rage min kunya, ya ce ai a mazhabar Malikiyya fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, zomo kuma halal ne. Maganarsa daidai ce. Amma wari wari ne, Hajiya ta ɗauki sallayarta ta shiga uwar ɗaki. Ba ta yi min faɗa ba, har addu'a ta yi min da za su tafi, sai dai bayan na rufe ƙofa na zauna a wurin na yi kuka sosai.

Jan da na gani ya tsorata ni, na ɗauka jini ne. Likitan dabbobi ya ce launin ganyayyakin da yake ci ne ke fita a fitsarin, farin kuma kalsiyam ne, don shi zomo ta fitsari yake fitar da wanda ya yi wa jikinsa yawa. Ya ce harawar wake da muke ba shi kullum tana ƙara shi, mu fi ba shi busasshiyar ciyawa. Garin sabulu bai taɓa farin nan ba. Ruwan khal ne ya ci shi: rabi khal rabi ruwa, in zuba, in ji yana 'yar ƙara yana kumfa, in danna da tawul, ba gurzawa. Sau uku na yi, muka shanya a baranda kwana biyu. Fari ya tafi, warin ya tafi, inuwar tabon tana nan.

Kar in ci haƙƙin mai sayarwar, garin katakon nan abu ne mai kyau. Da ya sha fitsari sai ya narke ya zama gari, ya riƙe warin kwana biyu cur. Ba ya ƙura kamar wanda ake kwasowa wajen kafintoci, wanda ba ka san da wane ice ko fenti ya haɗu ba. Ya kuma fi yashin kuliyoyi mai dunƙulewa, wanda in zomo ya ci zai iya toshe masa hanji, shi kuwa ba ya amai balle ya dawo da shi. Garin katakon da ya ɓaci a tukwanen na'a-na'a da yakuwa nake juyewa, sun yi shar. Har na fara cewa a raina, to, rabin kuɗina bai faɗi ƙasa banza ba.

Sai ranar da 'yata ta ɗaga Auduga ta kira ni tana kuka. Tafin ƙafafunsa na baya gashin ya zube, fatar ta yi ja jawur. Zomo ba shi da tsokar nan mai laushi a tafin ƙafa irin ta kyanwa, gashi ne kawai ke kare shi, ragar ƙarfen ta yi ta gugarsa har ya ƙare. Dabba ba baki, wata da watanni yana hawa yana jin ciwo. Wannan ya fi na kafet ɗin ƙona min rai. Na ɗauki hoto na tura wa mai sayarwar, ta ce, "Hajiya, ai zomonki ne ya cika girma, kuma kayan da aka yi amfani da shi ba a dawowa da shi." Ban nemi kuɗina ba. Na roƙe ta ne ta riƙa rubuta cewa na 'yan ƙanana ne, ta kuma sauke saƙon godiyata. Har yau yana nan a shafinta, ana karantawa ana saye.

Abin da ya yi mana aiki tsohon bahon wankan jarirai ne. Maigidan ya yanke gefe ɗaya ya rage masa tsayi, muka zuba garin katako kaurin yatsa biyu, muka tara ciyawa a ƙarshe ɗaya, tunda zomo yana ci yana kashi ne. Muka naɗe kafet, muka shimfiɗa leda, muka killace shi a lungun sati biyu kafin a fara sakinsa kaɗan-kaɗan. Da ya kai wata shida ya fara fesa fitsari a labule, likita ya ce balaga ce, aka yi masa fiɗiya, bayan 'yan makonni ya daina. Kashi kam zomo yakan yi ƙwaya 200 zuwa 300 a rana, ba za a rasa biyar ko shida a waje ba, amma busassu ne, tsintsiya ta wadatar. Gefen kafet da yake son gwaguya mun danne da ƙafar kujera, muna ba shi kwali ya yi ta ci da haƙora.

Na ce wa maƙwabciyata ta nemi garin katakon shi kaɗai, in an ce sai da fo ɗin ta bar musu kayansu. Kafet ɗin mun juya shi, tabon ya koma ƙarƙashin doguwar kujera. Mahaifiyata za ta zo ƙarshen watan nan, kuma ban gaya mata ba tukuna.