Jema ko dutse: wanne zai riƙe gaɓar gidan bakin ruwa?

Alhaji, ka ce gidanka yana gangaren da ke kallon ruwan dam na Galma, kowace damina gaɓa sai ta zaftare ta ci wani ɓangare na filin da kake son ƙawatawa, kana tambaya ko ka ja katanga ko ka dasa ciyawa. Fara auna gaɓar tukuna. Idan kowane mita ɗaya na tsayinta yana da shimfiɗar mita biyu ko fiye, ciyawar jema ta isa. Idan a tsaye take cak, ta haura mita ɗaya da rabi, ga gini kusa, to sai da dutse.

Jema ita ce ciyawar fadama da ake jefa saiwarta cikin randa don ƙamshi. Amfaninta a nan duk a ƙarƙashin ƙasa yake: saiwar ba ta bazuwa gefe, ƙasa take nutsawa, mita biyu zuwa uku, ta ɗinke ƙasar gaɓar. A tono gindi a rarraba shi, kowane dashe da tsiro biyu ko uku, a datse ganyen ya rage santimita 20, saiwar kuma 10. A dasa a jere a gicciye da gangaren, tazarar santimita 10 zuwa 15, wato kusan faɗin tafin hannu. Mita 30 na gaɓa zai ci dashe 200 zuwa 300 a layi ɗaya. Duk inda ƙasa ta sauka da mita ɗaya a ƙara wani layin. Lokacinta watan Yuni, bayan ƙasa ta jiƙa, domin ta kama kafin mamakon Agusta.

Abin da ya fi kashe aikin jema shi ne rowar dashe. In aka bar giɓi, ruwa zai taru ya bi ta nan da ƙarfi ya buɗe kwazazzabo, ɓarnar ta fi ta da. Duk wanda ya mutu a maye gurbinsa cikin mako uku. Ba ta son inuwa, ƙarƙashin mangwaro ba za ta yi ba. Shanun da ke zuwa shan ruwa suna tattake sabon dashe, sai an kewaye da ƙaya a daminar farko. Masu tsoron maciji da gobarar hunturu, maganin ɗaya ne: a riƙa aske ta daidai gwiwa sau biyu a shekara, ganyen a rufa gindin furanni da shi. Ko wuta ta ci ta, tana sake tofowa.

Dutse yana aiki daga ranar da aka gama, jema kuwa sai ta shekara. Amma a nan mutane ke zubar da kuɗi, don sai su ja katangar bulo a shafe ta da siminti sumul. Jar ƙasar Zariya mai laka ce, tana riƙe ruwa. Ruwan da ya taru a bayan katangar ya rasa mafita, ya tura ta, igiyar ruwa kuma tana kwaƙule ƙarƙashin tushe. Da farko za ka ga tsaga siririya, daga nan katangar ta sunkuya. In dole sai bulo, a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 30 a bayanta, a saka bututun roba inci biyu a kowane mita ɗaya da rabi can ƙasa-ƙasa.

Mun fi amincewa da kejin waya da ake cikawa da duwatsu. Ruwa na wucewa ta cikinsa, in ƙasa ta ɗan zauna ya lanƙwasa bai tsage ba. Duwatsun su kai santimita 10 zuwa 20, sun fi idon ragar girma, a jera su da hannu, kada a juye daga tifa. A binne kejin farko rabin mita, a jingina shi baya kaɗan, a shimfiɗa kyallen tace ƙasa a bayansa, in ba haka ba laka za ta riƙa zurarewa ta tsakanin duwatsu har ƙasar sama ta lotsa. A yi ginin da rani, Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ruwa ya ja. Rauninsa wayar ce: mai araha tana tsatsa, 'yan jari bola kuma suna yanka. A sayi mai rufin roba.

Ga gaɓa irin wadda ka kwatanta, a haɗa su: keji layi ɗaya a inda ruwa ke duka, a kwantar da gaɓar da ke sama, jema layi biyu ko uku. Bishiyar turare da dogon yaro a nisanta su daga kejin. Kuma don Allah mita goman da ke dab da ruwa kada a zuba musu takin zamani ko maganin feshi. Ruwan nan shi ake tacewa mutanen gari su sha, takin da ya gangara kuma shi ke ciyar da kainuwa da kachalla har su toshe maka bakin ruwan.