Lesa mai iska ko mai ƙanƙarar dutse: wacce ta dace da ɗakin gwajinka a Garwa?

Dillalan kayan asibiti da ke shigo da kaya ta Duwala sukan kawo na'urar ƙirga ƙwayoyin jini ta hannu, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita, irin su FACSCalibur ko EPICS XL, da farashi mai jan rai. Na'urori ne masu nagarta, amma kafin a ƙirga sefa a tambayi irin lesar da ke cikinsu, wato fitilar da ke haska ƙwayoyin jinin don a ƙirga su, domin a nan kuɗin yake ɓuya.

Waɗannan tsofaffin suna aiki da bututu mai iskar argon, wanda ke fitar da shuɗin haske na nanomita 488, ƙarfinsa wajen miliwat 15. Kafin ya ba da wannan ɗan haske sai ya sha wuta kusan kilowat guda, kusan dukanta kuma zafi take zama, fanka na fitar da shi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, ɗakin da ba na'urar sanyaya iska ba ya riƙe irin wannan. Hunturu kuma ƙurarsa toshe matatar iska take yi, bututu ya yi zafi, na'ura ta kashe kanta ana tsakiyar aiki. Ga ɗauke wuta idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Duk sanda wuta ta tafi farat ɗaya, fanka ta tsaya alhali bututu bai huce ba, kwanansa ke raguwa. Batirin ajiyar wuta da zai ɗauki wannan nauyi ma ba na banza ba ne.

In dai har ka nace sai ta hannu, to a kunna maka ita a gabanka. Nemi sanin awannin da bututun ya yi. Dubbai ne ƙayyadaddu, ba ya dawwama. Sannan dubi yawan wutar da yake ja: bututun da ya tsufa iskarsa raguwa take yi, sai na'ura ta riƙa ƙara masa wuta don haske ya tsaya yadda ake so. Idan allon ya nuna ya kusa ƙurewa, gawa ake sayar maka. A bar ta ta yi ɗumi kamar rabin awa, a zuba ƙwayoyin awo na roba da ake daidaita na'ura da su, a ga ko layin sakamako a allo zai fito siriri ko zai baje. Bajewa na iya zama dattin mashigar ruwa ko madubi ya goce, ba lallai bututu ba, kuma ma'aikacin da ya san aikinsa zai bambance maka. A duba kuma ko ta Amurka ce mai neman bolt 110, tunda tamu 220 ce.

Lesar zamani mai ƙanƙarar dutse, wato wadda daskararren abu ke ba da haskenta, ba iska a cikinta, tana ba da wannan haske na 488 da wuta kaɗan, ba ta da ƙatuwar fanka, ta fi daɗewa nesa ba kusa ba. Tsadarta a ranar saye take. Wasu tsofaffin na'urori ana iya cire musu bututu a ɗora irin wannan, kuma a ganina wanda bututunsa ya mutu gara ya bi wannan hanya da ya sayi wanda aka sake cika wa iska. Sai dai a tabbatar akwai injiniyan da zai zo ya daidaita hasken, a rubuta cikin yarjejeniya wa zai biya kuɗin tafiyarsa daga Yawunde.

Ƙaramar lesar heliyom da niyon mai jan haske na nanomita 633, wadda wasu na'urori ke da ita a matsayin ta biyu, ba ta da fitina, ba ita ce abin damuwa ba.

Wanda kuwa aikinsa bai wuce ƙirga CD4 ba, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da ake aunawa ga masu cutar HIV, don gano waɗanda nasu ya yi ƙasa da 200, ƙaramar na'ura irin Pima mai batiri ta ishe shi, muddin kayan gwajinta za su riƙa isowa. Mataccen bututun argon kuma kada a ba yaran shago su fasa: tangaran ɗin cikinsa yakan ƙunshi sinadarin beriliyom, wanda ƙurarsa ke lalata huhu.