Kwamfaresa: mai fistin ko mai sukuru, wanne zai jure ƙurar Garwa?

Duk wanda zai sayi kwamfaresa, wato injin matse iska, a Garwa ko Marwa da ke arewacin Kamaru, kafin ya tambayi kuɗi, ya fara tambayar bayan awa nawa ake yi masa sabis, kuma a ina ake samun kayan sabis ɗin. Nan ne kuɗin yake tafiya.

Mai fistin, wanda ke tura iska cikin tanki kamar famfon keke, shi ne wanda kowa ya sani a wurin masu faci da masu fentin mota. Yana da araha, kowane makanike yana iya buɗe shi. Ana yi masa juyen mai kamar kowace awa 500 ko wata uku, a duba bel, a riƙa zubar da ruwan tanki kullum da yamma, musamman a watan Agusta da iska ke cike da laima, in ba haka ba tsatsa ta ci tankin ta ciki. Aibinsa ɗaya: ba a yi shi don ya wuni yana aiki ba. Yana son hutu tsakanin cikawa da cikawa. Ka hana shi, kansa ya yi zafi, bawul su ƙone.

Mai sukuru, wanda ke matse iska da wasu ƙarafa biyu masu murɗiya da ke juyawa, irin na kamfanin Atlas Copco ko Kaeser, shi ne na masana'anta, yana yini ya kwana bai tsaya ba. A littafinsa za ka ga ana canza matatar mai da ta iska bayan kusan awa 2,000, matatar da ke raba mai da iska bayan kusan awa 4,000, man haɗi (sintetik) mai kyau kuwa ya kai awa 4,000 zuwa 8,000. Lissafin yana da daɗi, sai dai an yi shi ne don iska mai tsabta. Mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na kwaso mana ƙurar Bodele daga Cadi, matatar iska ta toshe tun ba ta yi rabin wa'adinta ba. In kana kusa da wurin gurzar auduga, ƙaiƙayinta ya like ragar sanyaya mai. Sai Maris da Afrilu su zo da zafin da ya wuce digiri 40, alhali yawancin injinan an tsara su ne kan iyakar 40 zuwa 46. Mai da ke aiki cikin zafi fiye da kima saurin mutuwa yake, injin kuma yana kashe kansa idan zafin cikinsa ya doshi digiri 110. Don haka kada ka bi agogon awa shi kaɗai: sabuwar matatar iska kafin hunturu, wata bayansa, a hure ragar duk mako, a yi juye kafin bazara ko da awa ba ta cika ba.

Ga kuma wuta. Mai sukuru na son layi uku, bolt 380, ba ya son a riƙa ɗaukewa ana kawowa, ga shi ruwan madatsar Lagdo, da ke ba yankin wuta, na ja baya da rani. In janaretanka ba zai iya tayar da shi ba, kada ka soma.

A ganina, mai gareji da aikinsa ke zuwa jefi-jefi ya tsaya kan mai fistin, babban tanki, kan ƙarfe. Wanda ke buƙatar iska awa takwas ba yankewa ya ɗauki mai sukuru, amma ranar saye ya haɗa da matatu na shekara guda da mansa na asali, domin daga Duwala ake kawo su, kuma bakin man mota ba ya maye gurbinsa. Na hannu kuwa, kada ka biya sai ka ga agogon awa da takardar sabis ɗinsa.