Kwamfuta na daskarewa: me ya kamata ka saya, me ya kamata ka bari a shago

Ƙanena yana haɗa tallan rediyo a wani ɗaki kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina. Kwanaki ya kira ni ransa a ɓace: sauti na karcewa a tsakiyar ɗauka, wani lokaci kwamfutar ta tsaya cak. Mai gyara ya ce masa ya sayi sabon madabod, wato babban faifan da sauran kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa. Na ce: "Ka ajiye kuɗinka tukuna, bari in zo."

Kowace na'ura da ke cikin kwamfuta, in tana son furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya saurare ta, ƙofa take ƙwanƙwasa masa ta layin da ake kira IRQ. Tsofaffin kwamfutoci layi 16 kacal gare su, 0 na agogo, 1 na kibod, don haka katunan da ake sokawa a ramukan madabod masu suna PCI sukan yi tarayya a layi guda. In ɗaya ya cika damu, ɗayan sai ya jira, kuma sauti ba ya jira. Daga baya aka kawo MSI, inda na'ura ke aika saƙonta ita kaɗai ba tare da raba layi da kowa ba.

Zaɓin farko ba ya cin ko sisi. Ka sauke manhajar LatencyMon, ka bar ta tana gudana kana aikinka, za ta nuna maka direban (ƙaramar manhajar da ke sarrafa wata na'ura) da ke riƙe furosesa fiye da kima. Sau da yawa na wayafai ne ko na katin hoto. Sannan ka buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta, ka duba jerin IRQ: lambar da ke da alamar ragewa a gabanta, wannan na'urar tana kan MSI. Wadda ba ta kan MSI, ana iya mayar da ita kai ta rajistar Windows (Registry, ma'ajiyar saitunansa), a sa MSISupported ya zama 1. Amma ka fara ajiye wurin komawa (restore point, don mayar da Windows yadda yake a da), domin akwai na'urar da in ka tilasta mata, kwamfutar ba za ta tashi ba.

In sai an saya, ga ra'ayina. Katin sauti na tsohon ramin PCI, komai arharsa, ka bar shi. Shi ne mai yawan shiga rikicin layi. Katin sabon ramin PCIe ya fi, domin ƙa'idarsa ta tanadi MSI tun asali. Na'urar sauti ta USB kuma ita nake ba mai situdiyo shawara, tana da wurin soka makirfo, ana ɗaukarta a jaka, tana aiki da laftof. Sai dai a soka ta kai tsaye a bayan kwamfuta, kada a haɗa ta da firinta da filasha a kan mahaɗa ɗaya.

Madabod shi ne na ƙarshe. Shuɗin allo mai rubutun IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL yana tsorata mutane su ɗauka layukan ne suka lalace, alhali galibi direba ne ko RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta. Ka bar manhajar MemTest86 ta kwana tana gwada RAM ɗin. Kuma mu a Katsina kada mu manta da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da zafin Afrilu, da wutar da ke hawa tana sauka. Sitabilaiza ko UPS ya fi sabon madabod amfani ga wanda wannan ce matsalarsa.

Matsalar ƙanena, ɗan ƙaramin wayafai ne na USB da ya saya da arha. Muka cire shi, muka ja wayar intanet daga rauta zuwa kwamfutar. A daren ya ɗauki talla uku ba karce ko ɗaya.